Abin da Ya Taɓa Hanci, Ido Ya Yi Ruwa

Daga wani malamin makarantar ekklisiya, Gagarawa Tasha

Shekara tara na yi ina fama da hancina. Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta labarin hanci ba, gama a wurinmu mura ba ciwo ba ce. In ka ce wa mutum mura ke damunka, sai ya ce, "Sannu, ai lokacinta ne," ya ci gaba da zancensa. Amma tun da aka yi mini aiki a Kano a shekarar 2023, mutum shida suka yi sallama a ƙofar gidana da irin kukan da na yi a dā. Kowannensu yana so ya ji yadda na yi, kowannensu kuwa yana tsoron wuƙar likita. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da ya same ni tun daga farko, har da wautar da na yi, ko wani zai tsira da abin da ni na yi asara.

Ƙasar ƙura

Ni malami ne a wata ƙaramar makarantar firamare ta ekklisiya. Garinmu ya sami sunansa daga tashar jirgin ƙasa ta layin dogon da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Wanda ya san ƙasar Gumel ya san rairayi, ya kuma san ƙura. Da kaka akwai ƙaiƙayin gero wajen sussuka da shiƙa, da ƙurar kakkaɓar riɗi. Daga Nuwamba har Fabrairu sai hunturu ya sauko da hazonsa. Masana sun ce yawancin wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda a zamanin dā akwai babban tafki da ya ƙafe. Ran Alhamis kuma motocin kasuwar Maigatari su tayar da tasu. A bisa wannan duka, ni ina da tawa ƙurar ta kaina, wato ta alli, tun daga ƙarfe takwas na safe har a tashi.

Da kakar 2014 abin ya soma. Da na farka sai atishawa, goma, ashirin a jere. Cikin hanci ya yi ta ƙaiƙayi, ruwa fari tsinkakke ya yi ta zuba, idanu su yi ja suna hawaye. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki. 'Yan ajina har suka mai da abin wasa, suna ƙirga atishawar Malam da ƙarfi. Na ce musu ba laifi, ai shi ma lissafi ne.

Ba abin da ban gwada ba. Na yi sirace da tazargade, na sha shayin citta da kanumfari, na shafa man zafi har fatar hancina ta saɓule. Na sha Piriton, atishawa ta ragu, amma ranar sai da na yi gyangyaɗi a gaban yara. Daga baya wani mai kemis ya ba ni ɗan kwalban maganin ɗigawa. Ɗigo biyu, kafin ka ƙifta ido hanci ya buɗe sarai. Na ce yau na rabu da wahala. Bai gaya mini kwana nawa ake amfani da shi ba, ni kuma ban tambaya ba, ban ma karanta takardar da ke cikin kwalin ba, ga shi kuwa ni ne mai koya wa 'ya'yan mutane karatu. Sai da na shekara huɗu kwalban nan yana aljihuna. Da fari sau biyu a rana, daga baya sau shida, har da tsakar dare. Sai can gaba likita ya gaya mini irin wannan magani ba a wuce kwana biyar zuwa bakwai da shi. Yana matse jijiyoyin jinin hanci ne, in ƙarfinsa ya sake sai su kumbura fiye da dā, mutum ya ƙara ɗigawa, su ƙara kumbura. Ashe maganin da na dogara gare shi ya zama rabin ciwona.

Nono ya zama dodo

Wajen 2018 ko ɗigon ma ya daina yi mini aiki. Kafofin hancin duka biyu suka toshe dare da rana. Da baki nake numfashi, in farka maƙogwaro a bushe kamar ƙwarya, kai ya yi nauyi. Minsharina ya hana Uwargida barci, ta haƙura, ba ta taɓa faɗa ba sai da na tambaye ta.

A makaranta abin ya taɓa abincina. Mai karatu, toshe hancinka da yatsu ka ce "mama." Za ka ji "baba" ya fito. Ka ce "nono," ka ji "dodo." To, ni ne mai koya wa 'yan aji ɗaya baƙaƙe da wasula. In nuna hoton ƙwaryar nono a allo in ce su maimaita, sai aji duka ya amsa, "Dodo!" Yara suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma a zuciyata ban yi ba. Shugaban makaranta, mutumin kirki, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ko za ka koma aji biyar?" Na koma. Jan waƙa a taron safe ma na bar wa wani.

Abin da ya fi duka shi ne jin ƙanshi da ya tafi. Bai tafi rana ɗaya ba, a hankali ya sulale, har ban san ranar da ya ƙare ba. Wanda ba ya jin ƙanshi ba ya jin daɗin abinci, gama harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da ɗan romo kaɗai ya sani, sauran duka aikin hanci ne. Miyar kuka da ta ji daddawa da man shanu, da miyar da ba a sa wa kome ba, duk ɗaya suke a bakina. Na riƙa cin loma biyar in ture kwano. Uwargida ta ɗauka girkinta na raina. Wata rana na same ta a bakin murhu tana share hawaye, ta ce, "Malam, in akwai abin da na yi maka, ka faɗa mini." Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ya yi ruwa. Sai ran nan na gane ba idon mai hancin kaɗai ake nufi ba.

Da cutar korona ta zo a 2020, rediyo ya yi ta faɗin cewa rashin jin ƙanshi yana cikin alamunta, sai waɗansu suka soma ja da baya in na zo. Na yi ta bayani cewa nawa ya girme ta. Duk da haka ban je asibiti ba. Kullum sai in ce sai an yi hutu, sai an yi albashi, sai an sai da amfanin gona.

Daren da na daina cewa gobe

Wani dare cikin Janairu 2023 sanyi ya yi tsanani. Uwargida ta tafi taya wata maƙwabciya da ke naƙuda, manyan yaran suna ɗakinsu. Autarmu, mai shekara uku a lokacin, tana barci a ƙuryar ɗaki, an ajiye mata kaskon garwashi nesa kaɗan da gado. Ni ina falo ina duba littattafan yara, labule ne kaɗai tsakaninmu. Ashe ta yi juyi, gefen bargo ya zamo ya faɗa kan kaskon. Bargo ya yi ta ci a hankali, ba harshen wuta, sai hayaƙi. Ban ji kome ba.

Matar maƙwabcinmu ce ta jiyo ƙauri daga bayan katanga. Sai na ji ana dukan ƙofa, ana kira, "Malam! Malam! Ƙauri daga gidanka!" Na ɗaga labule, ɗaki ya cika da hayaƙi, katifa ta soma kamawa. Na sunkuci yarinya na yi waje. Allah ya kiyaye, ƙuna kaɗan ta samu a ƙafa, ta yi tari kwana biyu ta warke. Amma tabon yana nan har yau.

Daren nan ban runtsa ba. Macen da ke wani gida, da katanga a tsakani, ta ji abin da ni uban yarinya ban ji ba ina taku huɗu daga gadonta. Na gane hanci ba don miya kaɗai aka ba mu shi ba. Mai gadi ne, nawa mai gadin kuwa ya shekara biyar yana barci, ni ina cewa mura ce.

Da gari ya waye Kawuna ya zo jaje. Ya haska cikin hancina da tocila, ya ce yana ganin wani abu fari-fari kamar tsoka. Ya ce, "Ɗana, wannan ai aikin wanzami ne, yanzu ya fizge maka shi." Don kada in ƙi maganar babba, na bi shi. Wanzamin dattijo ne, ya duba, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya mai da askarsa cikin zabira. Ya ce, "Malam, abin da nake gani kansa ne kawai, gindinsa yana can inda idona ba ya kaiwa. Ba na yanka abin da ban ga tushensa ba. Ka tafi asibiti." Har gobe ina gode wa dattijon nan. Da wani mai kwaɗayin kuɗi na tarar, da wataƙila wani ne ke ba da labarina.

Abin da likita ya gani

Daga asibitin da ke kusa da mu aka ba ni takarda zuwa Kano, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Na bi ta Gujungu da Gezawa da asuba. Likitan ya fesa mini maganin kashe zafi, ya zura wani siririn madubi mai fitila a baki, wanda kaurinsa bai kai fensir ba, sai ga cikin hancina a kan allon talabijin. Na ga waɗansu abubuwa sun yi cunkus, sumul-sumul, launin toka-toka, kamar 'ya'yan inabi da aka ɓare wa fata. Tambayar da ta daɗe tana cina ita ce ta fara fita, na ce, "Likita, ciwon daji ne?"

Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ga dukkan alamu tsiron hanci ne, wanda muke kira folif. Ba daji ba ne. Amma duk abin da muka cire sai mun aika an gwada shi."

Ya ɗauki takarda ya zana mini. Cikin ƙasusuwan fuska akwai waɗansu kogunan iska, kashi huɗu a kowane gefe: a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu, da can baya a tsakiyar kai. Kowane kogo yana da 'yar ƙofa da ta buɗe cikin hanci, an kuma shimfiɗe su duka da tantani mai laushi mai damshi. In tantanin nan ya daɗe a kumbure, wata da watanni, sai ya cika da ruwa ya rinjayo ƙasa, ya zama tsiro. Tsiron ba ya ciwo, shi ya sa mutum ke sakaci da shi. Amma yana tare hanyar iska, ya toshe ƙofofin koguna, ya kuma hana iska kaiwa rufin hanci, inda jijiyoyin jin ƙanshi suke. Ya ce a ƙasashen da aka yi ƙidaya akan sami mutum 1 zuwa 4 cikin 100 da shi, ya fi kama manya, maza kuma sun ɗan fi mata.

Sa'an nan ya ce ciwona biyu ne, ba ɗaya ba. Atishawa da ƙaiƙayi da zubar ruwa, wannan murar alaji ce. Da na kawo wa Uwargida labari ta ce, "Wane Alhajin?" Na ce ba mutum ba ne, 'yar'uwar borin jini ce, sai dai ita a hanci take tashi. Jiki ne ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a kan abokin gāba: bununin hatsi da na ciyawa, ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki da ido ba ya gani, kashin kyankyaso, fumfuna, gashin dabbobi. Da sun shiga hanci sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da ruwa. Hazo da hayaƙi da alli kuma su ƙara wa wutar itace. Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila mai suna John Bostock ya bayyana shi a 1819 daga abin da shi kansa yake fama da shi, a 1873 kuma Charles Blackley ya nuna garin furen ciyawa ne ke tayar da shi. Ba kowane mai alaji ke samun tsiro ba, ba kuma kowane mai tsiro ke da alaji ba, amma sau da yawa akan same su a hanci ɗaya.

Ya yi mini wata tambaya da ta ba ni mamaki. Ya ce, "Kana da fuka? In ka sha asfirin yaya kake ji?" Sai na tuna sau biyu na sha maganin ciwon kai, ƙirjina ya riƙe, numfashi ya yi ta shiƙa kamar usur, na ɗauka sanyi ne. Ya ce waɗansu mutane suna da abu uku tare: tsiron hanci, da fuka, da rashin jituwa da asfirin da danginsa irin su ibufurofen da dikulofenak. Wani likitan Faransa, Widal, ya lura da haka tun 1922, Samter kuma ya yi cikakken bayaninsa a Amurka a 1968. Ga irin waɗannan mutane ƙwaya ɗaya tana iya kai su ga halaka. Ya rubuta mini a kati, ya ce in nuna wa duk wanda zai ba ni magani.

Na zaci ran nan za a sa ranar aiki. Ya ce a'a, ba a fara da wuƙa. Ya karɓe kwalban ɗigona ya jefa a kwandon shara. Ya ba ni maganin fesawa mai sitiroyid, da ƙwayoyi na 'yan kwanaki kaɗan, ya koya mini wanke hanci da ruwan gishiri, ya ce in dawo bayan wata uku. Makon farko na barin ɗigo ya yi mini wuya ƙwarai. Daga baya na ɗan sami sauƙi, har rannan na ji kamar ƙanshin sabulu ya gifta. Amma da ƙwayoyin suka ƙare, hanci ya koma gidan jiya. Aka ɗauki hoton kaina da na'urar siti sikan, aka ga kogunan duka sun cika. Sai likita ya ce, "To, Malam, yanzu kam sai aiki."

Tsoro da kuɗi

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Mutane suka yi ta kawo labarin wanda aka sa wa barci bai farka ba. Likita bai ruɗe ni ba, ya ce kogunan nan maƙwabtan ido ne da ƙwaƙwalwa, ƙashin da ya raba su kuwa siriri ne. Akan yi zubar jini, jefi-jefi kuma, ba safai ba, akan taɓa ido ko ruwan ƙwaƙwalwa ya ɗigo. Don haka ne ake ɗaukar hoto tukuna, don haka ne kuma ba kowa ke yin aikin ba.

Da na koma gida na yi ɗan karatu a kan abin, sai na ƙara godiya da zamanin da aka haife ni. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, likitocin Girka na zamanin Hippocrates sukan ɗaura soso a zare, su bi da zaren ta hanci ya fito ta baki, su fizgo da ƙarfi don soson ya tsinko tsiron, mutum yana ji yana gani. Har cikin ƙarni na 20 akan tsaga ta ƙarƙashin leɓe ko ta gefen hanci kafin a kai ga koguna. A shekarun 1970 wani likita a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Messerklinger, ya nuna yadda za a bi ta kafar hanci da siririn madubin nan, daga tsakiyar shekarun 1980 kuma hanyar ta bazu a duniya. Ba a tsaga fuska, ba tabo.

Saura kuɗi. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga zuwa Kano ba sau ɗaya ba. Na sai da raguna biyu da ragowar geron rumbu. Uwargida ta kwashi adashinta ta zube mini a kan tabarma, ta ce, "Malam, ba ka da ta cewa." 'Yan'uwa a ekklisiya suka yi karo-karo. Maƙwabcin nan nawa, wanda matarsa ta ji ƙauri, ya zo da dare ya danƙa mini abin da ya samu, ya ce maƙwabci ɗan'uwa ne. Ba addininmu ɗaya ba, amma katangarmu ɗaya.

Ranar aiki

Cikin dogon hutu, watan Agusta, aka yi. Aka hana ni ci da sha tun tsakar dare. Da safe muka yi addu'a da Uwargida, aka tura ni ɗakin tiyata. Mai ba da maganin barci ya karanta katina, ya sake tambayata zancen fuka da asfirin. Ya ce in ƙirga zuwa goma. Na tuna na kai huɗu. Da na buɗe ido, an ce mini awa biyu ta wuce. An cusa mini auduga a hanci, kai ya yi nauyi, maƙogwaro yana ɗan zafi, amma ciwon bai kai na haƙori ba. Likita ya nuna mini abin da aka ciro cikin kwalba. Na yi mamakin yadda duk wannan ya sami wurin zama a fuskata.

Da aka zare audugar, zafi ya ratsa ni na ɗan lokaci, sa'an nan iska mai sanyi ta bi ta hancina har can ciki. Na rufe bakina na ja numfashi, abin da na shekara biyar ban yi ba. Aka sallame ni da dokoki: kada in fyace hanci har mako biyu, in atishawa ta zo in buɗe baki, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyo da noma, in yi ta wankewa da ruwan gishiri, in kuma dawo a share mini ɓawon da ke taruwa a ciki. Sakamakon gwaji ya fito, ba daji ba ne.

Ƙanshi bai dawo nan da nan ba. Likita ya riga ya faɗa mini waɗansu nasu yakan dawo duka, waɗansu rabi, waɗansu ba ya dawowa. Mako uku ba labari, har na soma fid da rai. Wata yamma ina zaune a tsakar gida, Uwargida tana can bakin ƙofa tana sallamar baƙuwa, sai na ji wani abu ya sosa mini hanci. Na yi shiru, na sake ja. Na ɗaga murya na ce, "Uwargida, tuwonki yana ƙonewa!" Ta sheƙo a guje ta sauke tukunya, sai ta tsaya cik da muciya a hannu, ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Malam, kai ka ji?" Na ce ni na ji. Ran nan tuwo mai ƙauri muka ci, ban kuwa taɓa cin wanda ya fi shi daɗi ba.

Wuƙa ba ta yanke alaji

Ga wautata ta biyu. Da na ga na warke, na koma aji ɗaya, nono ya koma nono, sai na soma ƙyuyar fesa magani. Kuɗinsa ma ba kaɗan ba ne. Na bar shi wata huɗu. Da hunturun ƙarshen 2024 ya kankama, sai atishawa ta dawo, gefen hagu ya soma toshewa. Na koma Kano da kunya. Likita ya duba ya ce wani ɗan ƙarami ya soma leƙowa. Ya ce, "Malam, kai manomi ne. In ka yi noman fari, ka kan rataye fartanya ka ce ciyawa ta ƙare?" Aiki yana share hanya ne don iska ta wuce, magani kuma ya kai inda dā ba ya kaiwa. Halin jikin da ya haifi tsiron yana nan, musamman ga masu fuka da rashin jituwa da asfirin. Alaji kuwa ba a yanke shi da wuƙa. Aikin da akan yi wa mai alaji, in magani ya kāsa, shi ne a rage kumburarren naman gefen hanci ko a miƙe ƙashin tsakiya in ya karkace. Akwai sababbin allurai, kamar dufilumab da aka amince da ita a Amurka domin tsiron hanci a 2019, amma tsadarsu ta fi ƙarfin irinmu. Na koma kan feshi da wanki, ɗan tsiron ya lafa, ba a sake yanka ni ba.

Babbar 'yata ta gado atishawata. Ita kam ba mu jira shekara tara ba. Aka duba ta, ba tsiro, alaji ne kaɗai. Feshi da ƙwayar setirizin a lokacin kaka da hunturu sun ishe ta.

Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina

1. Murar da ta wuce wata uku, da toshewar hanci da rashin jin ƙanshi, ba mura ba ce. A je asibiti. Akwai likitocin hanci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999.

2. In gefe ɗaya ne kaɗai ya toshe, da haɓo, ko ciwon fuska, ko kumburin ido, ko gani biyu-biyu, kada a kwana ana shawara. Haka nan in an ga tsiro a hancin yaro ƙarami. Yaron da kafa ɗaya ke zubar da majina mai wari kuwa, sau da yawa ƙwayar wake ko dutse ya tura.

3. Kada a bari kowa ya sa aska ko tsinke a cikin hanci.

4. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, kada ya wuce mako ɗaya. Ƙwayoyin sitiroyid kuma, irin waɗanda waɗansu ke sha don ƙiba, ba a shan su sai da likita, gama daɗewa a kansu yana kawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi.

5. Ruwan wanke hanci: a tafasa ruwa lita 1, a bar shi ya huce, a zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ba a sa kanwa, ba a kuma amfani da ruwan rijiya da ba a tafasa ba.

6. Wajen feshi, a ɗan sunkuyar da kai, a karkata bakin kwalban wajen kunne, ba wajen ƙashin tsakiya ba, kada kuma a zuƙe da ƙarfi. Sai an yi makonni ana yi kullum kafin a ga amfaninsa.

7. A rufe hanci wajen sussuka da shiƙa da ranar hazo. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da bargo a rana, malamai kuma su goge allo da jiƙaƙƙen tsumma.

8. In akwai wanda ba ya jin ƙanshi a gida, kada a bar shi shi kaɗai da wuta, ko gas, ko ƙaramin yaro mai barci kusa da kasko. Kaskon garwashi ma bai kamata ya kwana a rufaffen ɗaki ba, ko hancin kowa lafiya yake, gama hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari.

Auta ta shiga makaranta yanzu, tana ajina. In ta zauna ta miƙe ƙafa ina ganin tabon nan, in tuna yawan goben da na yi ta faɗa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sāka wa waɗanda suka tsaya mini da alheri.